Rigar Ruwa: Wacce Za Ka Saya, Kuma Me Za Ka Yi Idan Ta Yi Yoyo?

Duk wanda ya tsaya gaban rigunan ruwa da aka rataye, ko a layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai a Kano ne, ko a kasuwar Katako ta Jos, ko kuwa a wani kanti na birnin Mancesta inda karatu ya kai shi, abin da yake fara tambayar mai kaya shi ne ko rigar tana yoyo, amsar da yake samu kuma ba ta taɓa canzawa. Abin da tambayar ta manta shi ne ruwa iri biyu ne ke jiƙa mutum a ƙarƙashin hadari: akwai wanda ke saukowa daga sama, akwai kuma zufar da jikinsa ke fitarwa. Rigar da ta toshe wa na farko hanya ɗungurungum takan tsare na biyun a ciki, wadda kuwa ta bar zufa ta fita cikin sauƙi, ko dai tana da tsada ƙwarai ko kuma ba ta daɗewa tana tare ruwan sama. Saboda haka kafin a zo batun kuɗi, sai mutum ya san abin da zai riƙa yi sa'ad da yake sanye da rigar, da irin ruwan da ake yi a inda yake zaune.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne ƙarfin yadin wajen tare ruwa. A ɗakin gwaji ana ɗaure ƙyallen sosai, a riƙa ƙara matsin ruwa a kansa har sai ɗigo ya ɓullo ta ɗaya gefen, sannan a rubuta tsawon ruwan da ya ɗauka a ma'aunin milimita. Wannan ita ce lambar da ake gani a takardar riga, kamar 5,000 ko 10,000 ko 20,000, wani lokaci a taƙaice ta zuwa 10K ko 20K. A Birtaniya yadin da ya kai 1,500 akan riga an kira shi mai hana ruwa, amma wannan mafi ƙarancin mataki ne. Dalilin da ya sa ake neman lamba babba ba nauyin ɗigon ruwan sama ba ne kawai, har da matsin da mutum da kansa yake ɗora wa yadin. Milimita 10,000 na ruwa daidai yake da nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, don haka idan mutum mai kilo 70 ya ɗora nauyinsa a gwiwa ɗaya, a kan wurin da bai wuce murabba'in santimita 50 ba, ya matsa wa yadin da abin da ya kai 14,000. Haka igiyar jakar goyo take yi a kafaɗa, haka kuma kujerar babur take yi wa wando. Rigar da ba a rubuta mata kowace lamba ba, sai kalmomin yabo, yana da kyau a ɗauke ta a matsayin mai jure yayyafi har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Na biyu shi ne ɗinki, kuma a ganina ya fi lambar yadi muhimmanci ga mai saye a kasuwa, domin ido na iya tabbatar da shi nan take. Kowane sokin allura ƙofa ce ga ruwa. Idan aka juya rigar aka duba cikinta, ya kamata a ga siririn tef a liƙe a kan kowane ɗinki, ko kuma a ga an haɗa yadin ta hanyar narkarwa ba tare da zare ba. Wasu riguna a kafaɗa da hula kaɗai ake liƙa musu tef don rage kuɗi, kuma irin waɗannan sukan yi naso ta gefe da hannu idan ruwa ya daɗe yana zuba. Zif ma haka yake: ko da mai sheƙin roba ne irin AquaGuard na kamfanin YKK, jure ruwa yake yi, ba ya hana shi baki ɗaya, shi ya sa ake son marfin yadi a kansa ko a bayansa, shi ya sa kuma aljihun waje ba wurin ajiye waya ba ne.

Na uku shi ne fitar zufa. Kamfanoni sukan rubuta giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita ɗaya na yadin cikin awa 24, amma hanyoyin gwajin sun bambanta, don haka lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Abin da ba ya canzawa shi ne dokar da tururi ke bi: yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi da laima zuwa wuri mai sanyi da bushewa. A tsaunukan Sikotland, inda jiki ke da zafi iskar waje kuma ke da sanyi, yadi mai numfashi yana aiki sosai. A watan Agusta a Zariya ko Kaduna, lokacin marka, iskar waje tana da ɗumi kuma a ƙoshe take da laima, don haka kusan babu abin da zai ja zufar zuwa waje, komai tsadar rigar. A irin wannan yanayi yalwar riga, da zif ɗin hammata, da tagar iska a baya sun fi kowace lamba amfani. Makiyayan da suka saƙa kabido da ganyen kaba sun riga kowa gane wannan, domin kabido yana zubar da ruwa ta sama, iska kuma tana shiga ta ƙasa.

Na huɗu shi ne maganin da ake shafa wa fuskar yadi ta waje don ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Wannan shafe ba shi ne ke hana ruwa shiga ba, aikinsa shi ne hana yadin waje shan ruwa. Yana gogewa da datti da maiƙon jiki da sabulu, kuma idan ya tafi sai rigar ta yi nauyi, ta yi sanyi, ta daina numfashi, mai ita ya ɗauka yoyo take yi. Magungunan da aka daɗe ana amfani da su na dangin sinadaran PFAS ne, waɗanda ake janyewa daga kasuwa a Turai da wasu jihohin Amurka saboda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Waɗanda suka maye gurbinsu sun fi buƙatar wanki da sabuntawa a kai a kai. Bayan waɗannan huɗu sai farashi, da ƙarko, da sauƙin kula, da irin haɗarin da ke tattare da sayen kowace.

Rigar roba

Wannan ita ce kakar sauran. A 1823 wani masanin sinadarai na birnin Gilasgo, Charles Macintosh, ya yi rajistar hanyar narkar da roba a shafa ta tsakanin ƙyalle biyu, kuma ƙorafin da aka yi a kan rigunansa na farko shi ne suna wari, suna sandarewa da sanyi, suna danƙo da zafi, sannan suna yoyo ta inda teloli suka soka allura. Shekara ɗari biyu bayan haka, robar ta inganta, amma ƙorafin zafi da na ɗinki suna nan.

Ta zamani ana yin ta da PVC ko poliyuritan mai kauri a kan yadin poliyesta, kuma mai kyau ita ce wadda aka narkar da mahaɗanta. Wajen tare ruwa babu wadda ta fi ta, shi ya sa masuntan tekun Turai har yau irinta suke sawa, daga kamfanoni kamar Helly Hansen na Norwe, wanda ya fara da rigunan da ake shafa wa mai tun 1877, da Guy Cotten na Faransa. Ba ta da shafen waje da zai goge, ba ta buƙatar wani sabulu na musamman, tsumma da ruwa sun isa, kuma idan ta yage ana iya yi mata faci da gam ɗin da ya dace da roba. Ita ce mafi araha a kasuwanninmu, kuma a nan karin maganar da ke cewa araha ba ta ado bai yi mata adalci ba, domin ado ne kaɗai ta rasa. Aibinta shi ne ba ta numfashi ko kaɗan. Wanda ya sa ta ya kama noma ko tafiyar ƙafa mai nisa zai jiƙe sharkaf da zufarsa cikin ɗan lokaci. Haɗarin sayenta kuma yana cikin bambancin kauri: akwai mai kaurin tamfol da ke shekaru, akwai siririya kamar ledar shago wadda ke yagewa ta hammata ko ta tsakiyar wando a makon farko. A ja mahaɗin da hannu biyu a gani ko yana buɗewa, a kuma lanƙwasa robar a gani ko tana barin farin layi, alamar za ta tsage ke nan.

Nailan mai shafen poliyuritan a ciki

Yawancin jaket marasa nauyi da ake naɗewa a sa a jaka wannan iri ne. Yadin waje nailan ne ko poliyesta, an shafa masa siririn poliyuritan ta ciki, sannan ko dai a rataya masa raga a matsayin shafi, wanda ake kira falle biyu, ko a buga masa wani zane mai kauri kaɗan a kan shafen, wanda ake kira falle biyu da rabi. Tana sabuwa takan tare ruwa yadda ya kamata, galibi tsakanin 5,000 da 15,000, tana ɗan numfashi, ba ta da nauyi, farashinta kuma matsakaici ne.

Rauninta yana da alaƙa kai tsaye da yanayinmu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Poliyuritan yana ruɓewa sannu a hankali idan zafi da laima suka haɗu a kansa. Da farko cikin rigar yakan fara danƙo, sai wani wari mai tsami ya biyo baya, daga nan shafen ya riƙa ɓarewa yana zuba fari-fari a kafaɗa kamar amosanin kai, tef ɗin ɗinki kuma ya saki. Yakan fara ne daga wuya da ƙeya, inda zufa da man gashi ke taruwa. Rigar da aka naɗe da sauran laima a ƙarshen damina, aka tura cikin akwati a ɗaki mai rufin kwano, ta yi wata bakwai ko takwas tana shan zafin rani da bazara, ana iya buɗe ta a watan Yuni a tarar ta gama aiki, ko da sau goma kacal aka sa ta. Idan ruɓewar ta kama, babu gyaran da zai daɗe. Wannan ne ya sa irin wannan riga ta fi kowace haɗari a gwanjo: fuskar waje takan yi kyau kamar sabuwa alhali cikin ya tsufa, sannan ga matsi da zafin da ta sha a cikin dila kafin ta iso. Wanda zai saye ta a gwanjo ya juya ta, ya shinshina, ya murza wuyan da yatsa, ya ɗaga ta sama ta fuskanci rana ya ga ko haske na ratsa wasu wurare fiye da wasu.

Riga mai tantani

A 1969 Bob Gore, a jihar Delawaya ta Amurka, ya gano cewa idan aka fizgi sinadarin PTFE (wani nau'in roba) mai zafi da sauri yakan miƙe ya zama tantani mai ƙananan ƙofofi. Kamfanin ya ce akwai ƙofofi kusan biliyan 9 a kowane murabba'in inci, kowace ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000 amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700, wato ruwa ba ya shiga, tururi kuma yana fita. Yadin Gore-Tex ya shiga kasuwa a 1976, kuma rigunan farko sun yi yoyo ta ɗinki har sai da aka fito da tef ɗin liƙe su a 1979. Daga baya wasu sun fito da nasu, irin su eVent da Sympatex da Pertex Shield, kuma tun 2022 kamfanin Gore ya fara sauya tantaninsa zuwa wani sabo na poliyetilin.

Mafi ƙarko a wannan aji ita ce mai falle uku, inda aka manne yadin waje da tantani da siririn shafi suka zama abu guda, don haka jiki ba ya gogar tantanin kai tsaye. Tana tare ruwa a matakin 20,000 zuwa sama, tana jure jakar goyo, kuma idan ana kula da ita takan yi shekaru masu yawa. Farashinta shi ne mafi tsanani, domin sabuwa a Birtaniya takan kai fam ɗari biyu zuwa sama, wasu ma ninkin haka. Kula da ita ma aiki ne: ana wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa kaɗan ko na musamman irin na Nikwax ko Grangers, ba a sa mata bilic ko maganin tausasa tufafi, sannan ana farfaɗo da shafen waje da zafi mai sauƙi, ko a injin busarwa na kimanin minti ashirin ko da dutsen guga marar zafi sosai tare da tawul a tsakani. Wanda ya miƙa ta ga mai wanki da guga ba tare da bayani ba, aka dirje ta da garin sabulu da buroshi, aka bi ta da dutsen gawayi, ya yi asarar kuɗinsa a yini ɗaya. Babban haɗarinta a kasuwanninmu shi ne jabu, domin ɗinka tambari a hannun riga ba wuya ba ne. Ta gaskiya tana da tef siriri, mai tsabta, a kan kowane ɗinki, da takardar wanki mai lambar samfuri da za a iya bincika a intanet.

Auduga mai kaki da jaket mai laushi

Rigar auduga da aka shafa wa kaki, wadda kamfanin Barbour na garin South Shields a arewacin Ingila, da aka kafa a 1894, ya yi suna da ita, tana jure ƙaya da gogayya, ana iya ɗinke ta a sake shafa mata kaki, kuma takan yi shekaru masu yawa a hannun mai kula. Sai dai tana da nauyi da tsada, ba a liƙe ɗinkinta da tef, ba a wanke ta da sabulu ko ruwan zafi, kuma tana son sabon kaki kusan kowace shekara. An yi ta ne don sanyi da yayyafin ƙauyukan Ingila. A ƙasa mai zafi kakin yana laushi, yana kama ƙurar hunturu, yana kuma bar wa farar shadda tabo.

Jaket mai laushi da miƙewa, wadda ake yawan sayarwa da sunan rigar ruwa, tana tare iska da yayyafi na ɗan lokaci ne kawai. Tana da daɗin sawa da safiyar Jos, amma ba ta cikin wannan gasa idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

| Iri | Tare ruwa | Fitar zufa | Farashi | Ƙarko | Kula | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Roba | Sosai | Babu | Ƙasa | Mai kauri tana daɗewa | Mai sauƙi | Zafi. Siririya tana yagewa |
| Nailan mai shafe | Da kyau tana sabuwa | Kaɗan | Matsakaici | Gajere a zafi da laima | Matsakaici | Ruɓewar shafe |
| Tantani, falle uku | Sosai | Mafi kyau, musamman a sanyi | Sama | Dogo | Mai wahala | Jabu. Mugun wanki |
| Auduga mai kaki | Matsakaici | Kaɗan | Sama | Dogo ƙwarai | Kaki duk shekara | Nauyi da tabo |
| Jaket mai laushi | Yayyafi kawai | Da kyau | Matsakaici | Matsakaici | Mai sauƙi | A ɗauke ta rigar ruwa |

Idan rigar da ka saya ta jiƙa ka

Kafin ka koma wurin mai kaya da ɓacin rai, ka fara tabbatar da inda ruwan ya fito, domin abu huɗu ne ke kama da juna. Yoyo na gaskiya yakan bar tabo a wuri takamaimai, a bin layin ɗinki, ko a kan kafaɗa, ko a gefen zif, kuma a wuri ɗaya yake maimaituwa. Zufa takan jiƙa tsakiyar baya da hammata da ƙirji a faɗaɗe. Idan yadin waje ya sha ruwa ya yi duhu, tururin jiki yakan taru a cikin rigar kamar yadda yake taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya, mutum ya ji sanyi da danshi ko'ina alhali ko ɗigo bai ratsa ba. Na huɗu shi ne ruwan da ke shiga ta ƙofofin da aka bar masa: ta wuya idan hular ba ta ɗaure, ta bakin hannu idan an ɗaga hannu an riƙe kan babur, da kuma ta ƙasa. Wannan na ƙarshe ya shafe mu musamman, domin kaftani ko doguwar rigar auduga da ta leƙo ƙasan jaket tana tsotsar ruwa tana hawa da shi sama kamar lagwanin fitila, har ya kai ciki.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai buta ko bokiti. Ka sa busasshiyar riga mai launin toka a ciki, ka ɗaure hula da hannu, ka tsaya cak wani ya riƙa zuba maka ruwa daga sama na minti goma. Tun da ba ka motsa ba, duk tabon da ya bayyana daga waje ya zo. Hanya ta biyu ita ce a shimfiɗa wurin da ake zargi a bakin kwano, fuskar waje tana sama, a ɗan lotsa shi a zuba ruwa, a sa takarda a ƙasa a jira rabin awa. Ya kamata a yi wannan gwaji a ranar da aka sayi rigar, ba ranar da aka yi ruwan farko ba, domin wanda ya saya a watan Janairu ya jira damina zai tarar lokacin mayarwa ya wuce. A ɗauki hoton tabon da na tef ɗin da ya saki, a kuma adana rasit.

Sakamakon gwajin shi zai nuna wace hanya ce ta dace cikin uku. Idan ruwa bai ratsa ba, sai dai yadin waje ne ke sha, wanki da ɗan zafi ko fesa sabon magani sun isa, kuma babu mai kayan da zai karɓi wannan a matsayin aibi. Idan ƙaramin rami ne ko tef ya ɗaga a wuri ɗaya a tsohuwar riga, ana liƙewa ta ciki da gam irin Seam Grip ko faci mai manne kansa. Kai ta wurin tela ya bi da keke ƙarin ramuka ne, sai dai idan za a liƙe ɗinkin bayan ya gama. Idan kuwa sabuwa ce kuma ruwa na ratsa ɗinki ko yadi, kada a taɓa ta da gam ko allura, domin gyaran gida yakan ba mai kaya hujjar ƙin karɓa. A mayar da ita a wanke, a bushe, tare da hotunan.

A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa don a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma hukumar ta sha bayyana cewa rubutun nan na "ba a mayar da kaya" ba ya soke wannan haƙƙi. A Birtaniya dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayarwa a karɓi kuɗi cikakke, sannan a cikin wata shida na farko mai kanti ne zai tabbatar cewa aibin bai zo da kayan ba. A ƙasashen Tarayyar Turai garantin doka shekara biyu ne. Garantin kamfani kuwa, kamar alkawarin da Gore ya fara bayarwa a 1989 na cewa rigarsa za ta tsare mutum a bushe, galibi yana buƙatar shaidar saye, kuma ba ya rufe tsufa ko ɓarnar mugun wanki. A kasuwar gwanjo, inda babu rasit, abin dogaro shi ne sharaɗin baki a gaban shaida, cewa idan an gwada da ruwa yau ta yi yoyo za a dawo da ita gobe. Fiƙihu ya san haƙƙin mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi, 'yan kasuwa ma sun san shi, kuma idan magana ta ƙi ƙarewa shugabannin layi sukan sasanta.

Wace ce ta dace da wa

Ɗan acaɓa, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, da duk wanda ke zuwa aiki a babur, zaune yake ba ya zufa sosai, ruwa kuma yana dukansa da ƙarfin gudu, don haka roba mai kauri, riga da wando, mai launi mai haske da direbobi za su hango, ita ce tasa. Ya dai guji mai faɗin da zai iya shiga cikin taya. Mai gadi, da mai sayar da kaya a bakin titi, da masunci a kwalekwale su ma roba ce ta fi musu. Manomi da makiyayi, waɗanda ke motsi cikin ɗumi, sun fi samun sauƙi da riga mai yalwa, buɗaɗɗiya ta ƙasa, ko da ta roba ce marar nauyi, a kan jaket mai kama jiki ko wace iri ce.

Ma'aikacin ofis ko ɗalibin da buƙatarsa ba ta wuce daga mota zuwa ƙofa ba, nailan mai shafe ya ishe shi, muddin sabo ne, ɗinkinsa duka a liƙe yake, kuma zai rataye shi a inuwa ya bushe maimakon naɗewa. Wanda aikinsa ke kai shi tsaunin Mambila ko duwatsun Filato, inda ga ruwa ga sanyi ga tafiyar ƙafa da kaya a baya, shi ne zai ga amfanin kuɗin da ya zuba a tantani mai falle uku, haka ma wanda zai yi shekaru a Ingila ko Jamus yana tafiya a ƙafa ko a keke. Shi wannan gara ya jira ya isa can ya saya a kantin da zai ba shi rasit, ya kuma ɗauki wadda ta ɗan fi shi girma don rigar sanyi ta samu wuri a ciki. Auduga mai kaki ta mai zama a ƙasar sanyi ce da ke son riga ɗaya ta shekaru kuma ba ya ƙyashin shafa mata kaki. Wanda kuɗinsa bai wuce na gwanjo ba, idan ya samu zaɓi tsakanin tsohuwar mai falle uku da tef ɗinta ke nan daram da kuma nailan mai sheƙi da cikinsa ya fara danƙo, ya ɗauki ta farkon ko da launinta ya koɗe.